Tafiyar awa guda daga Damagaram zuwa Agadas ta cinye mini kwana uku

Tsakanin filin jirgin saman Damagaram da na Agadas, idan jirgi ya miƙe kai tsaye, nisan bai wuce kimanin kilomita 370 ba. Ƙaramin jirgi mai farfela, irin wanda ake jigilar cikin gida da shi, yana cinye wannan tazara cikin kamar awa guda. Da wannan lissafi na je na sayi biye, wato tikitin jirgi, a watan da ya wuce, lokacin da aka kira ni da dare aka ce jikin yayana da ke zaune a Agadas ya tsananta.

Sai da na biya kuɗina sannan aka shaida mini cewa babu jirgin da zai kai ni can kai tsaye, dole in fara zuwa Yamai in kwana, washegari in sake hawa. Duk wanda ya san taswirar Nijar ya san wannan zance ya saɓa wa hankali. Daga Damagaram zuwa Yamai ta sama fiye da kilomita 700 ne, daga Yamai zuwa Agadas ma haka, wato an mayar da tafiyar kilomita 370 ta koma kusan 1,500, ninki huɗu ke nan, kuma kuɗin masauki da na abinci da na taksi duk a wuyana suke. Na haɗiye fushina na yarda, saboda halin da yayana yake ciki.

Ranar tafiya muka zauna tun hantsi har bayan la'asar, babu wanda ya leƙo ya gaya mana komai. Akwai wata dattijuwa a kusa da ni da ke da ranar ganin likita a Yamai, tana riƙe da takardunta a cikin leda, motsi kaɗan sai ta tambaye ni ko jirgin ya sauka. Da yamma wani ma'aikacin kamfanin ya fito ya ce: "Alhaji, ku yi haƙuri, sai gobe in Allah ya kai mu." Na tambaye shi dalili, ya ce hazo ne. Ni ɗan garin nan ne, na san yadda hazon hunturu yake rufe ido, kuma ban nemi matuƙi ya jefa rayukanmu cikin haɗari ba. Amma lambar wayata tana hannunsu tun ranar da na sayi biye, me ya hana su aiko da saƙo tun da safe, in nemi mota?

Da na san haka, da na bi hanyar Tanut da Adarbisinat, mai kimanin kilomita 450, duk da ramuka da yashi da tsayawa a shingayen bincike, in isa a ranar. Mutane ba don jin daɗi suke biyan kuɗin jirgi ba, lokaci suke saya, kuma lokacin ne aka ƙwace mana.

Damagaram ce babban birnin ƙasar nan har zuwa 1926, kuma fatake sun daɗe suna kai da kawowa tsakaninta da Agadas da raƙuma. Abin takaici ne a ce yau garuruwan biyu kowanne yana da filin jirgi, amma sai an zagaya ta Yamai kafin a haɗa su. Na isa Agadas a rana ta uku, na tarar yayana ba ya iya magana, kuma har yau babu wanda ya kira ni daga kamfanin ya ba ni haƙuri.