Yadda Tabarau Ya Jawo Mini Sadaka

Tun da na haura shekara 40 rubutun waya ya fara guje mini, sai na miƙa hannu iya tsawonsa kafin in karanta saƙo. Uwargida ta ce in je asibiti, ni kuwa na nufi kasuwa wurin wani mai sayar da tabarau, wanda kayan gwajinsa kaf tsohuwar jarida ce. Ya baje mini su daga mai lamba +1.00 zuwa sama, na zaɓi +3.50, domin tun da kuɗinsu ɗaya ne, a lissafina gara in ɗauki mai ƙarfi.

Bai gaya mini cewa tabarau na karatu aikinsa kusa ne kawai ba. Na maƙala shi na kama hanyar gida ina taƙama, gari ya rikiɗe ya zama hazo, har na durƙusa na gaida wani mai facin taya ina zaton surukina ne. Bawan Allah ya amsa da fara'a, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce in tuna masa ko ni ɗan wane ne.

Ciwon kai ne ya kai ni asibitin ido. Likita ta sa na rufe ido ɗaya ina nuna inda ƙafafun harafin E suka fuskanta, sannan ta bayyana mini cewa ƙwayar da ke cikin ido tana rage laushi idan shekaru suka ja, shi ya sa ganin kusa yake wahala, kuma +1.50 ya ishe ni. Ta auna matsin ruwan idon saboda gilakoma, wadda take cin gani a hankali ba tare da zafi ba, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa, saɓanin yanar ido da ake cirewa da tiyata. Daga nan ta ɗiga mini maganin buɗe baƙin ido don ta leƙa ciki, ta gargaɗe ni kada in tuƙa babur sai bayan wasu sa'o'i.

Na fito da tsakar rana, haske ya soke ni kamar an watsa mini barkono. Na ari baƙin tabarau, na dafa kafaɗar ɗana, muna lalube a bakin titi muna neman adaidaita sahu. Sai wata Hajiya ta tsaya ta miƙo naira 200, ta ce, "Malam, a sa mu a addu'a." Kafin in buɗe baki in yi bayani, yaron nan ya karɓe kuɗin ya soka a aljihu, ya ce Allah ya maimaita mata Makka.