Bakin ruwan Legas: a hannun wa ya kamata ikon bayar da haya ya kasance?

A watan Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta raba gardama tsakanin gwamnatin tarayya da jihar Legas kan hanyoyin ruwa na cikin gida. Ta ce hukumar NIWA ta tarayya ce ke da hurumin bayar da lasisi da karɓar kuɗi, ba takwararta LASWA da Legas ta kafa a 2008 ba. Rigima ce ta manya, kan wanda zai riƙe rasit. Ƙaramar hukuma da masuncin da ke kwana a bakin ruwan kuwa, ko sallama ba a yi musu ba.

Filin da ya fi jawo rikici shi ne wanda ruwa ke rufewa idan teku ta cika, ya fito fili idan ta janye. A da taɓo ne da sauro, sai masunta da ke kafa gidajen katako a kan dirkoki, suna ɗaure kwalekwale a ƙofar ɗaki. Zuwan injin haƙar yashi ya canza lissafi. A zuƙo yashi daga ƙarƙashin ruwa, a cike wuri, a zagaye shi da katanga, shi ke nan ya zama fuloti mai tsadar gaske. Haka aka samar da sabon birnin Eko Atlantic a gaban tsohon bakin tekun Bar Beach.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa wa gwamna filayen jiharsa a matsayin amana. Ta bar wa ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin zama a filayen da ba na birni ba, sai dai gwamnan ne ke ayyana inda ake kira birni. Da sa hannu guda yake raba ciyaman da ikonsa. A 1993 kuma sojoji suka fitar da doka mai lamba 52, wadda ta mallaka wa tarayya duk filin da ke cikin mita 100 daga gaɓa, da duk wanda aka cike daga teku ko tafkin Legas.

Me aka yi da amanar da aka danƙa wa gwamna? A Yulin 1990 gwamnatin Raji Rasaki ta rushe unguwar Maroko bayan wa'adin kwana 7, mutum kusan 300,000 suka rasa matsuguni, yau wurin unguwar masu hannu da shuni ce. A 2012 aka ba mutanen unguwar masunta ta Makoko awa 72 su tashi. Tsakanin Nuwamban 2016 da Afrilun 2017 aka share Otodo Gbame da ke Lekki, inda Amnesty International ta ce sama da mutum 30,000 aka kora, wasu sun kwana cikin kwalekwale da 'ya'yansu. Babbar kotun jihar ta yanke a Yunin 2017 cewa korar ta saɓa wa tsarin mulki, amma a lokacin katafila ta riga ta gama aikinta. Dokar 1978 tana magana kan diyyar gini da shuka, ba kan wurin kamun kifin da kakanni suka bari ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ganin haka wasu ke cewa a mayar da ikon ga ƙananan hukumomi, tunda su ne kusa da jama'a. Na fahimce su, amma ban bi bayansu ba. Ruwa bai san iyakar ƙananan hukumomin Eti-Osa da Ibeju-Lekki ba. Idan wannan ciyaman ya ba da izinin cike gaɓarsa, ambaliya da zaizayar ƙasa a garin maƙwabcinsa za su sauka, kuma mutanen ƙauyen Okun Alfa da ke Lekki sun daɗe suna kukan teku na cinye musu gari. Dole a sami hukuma guda da ke kallon gaɓar baki ɗayanta. Sannan mu faɗa wa juna gaskiya, ciyaman nawa ne a Najeriya ke iya ce wa gwamna a'a? Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ba su 'yancin kuɗinsu a takarda, amma zaɓensu yana nan a hannun hukumar zaɓe ta jiha. A miƙa musu filin gaɓa yau, mai kuɗin da ke zuwa ofishin gwamna zai sami ƙofa mai rahusa ne kawai.

Ina ganin ikon ƙarshe ya tsaya a jiha, ba Abuja mai nisa ba, amma a ɗaure wa gwamna hannu. Filin da ruwa ke hawa na jama'a ne, don haka kada a sayar da shi, a ba da haya ta shekaru ƙididdigaggu, a buga sunan mai haya da abin da ya biya kowa ya gani. Kada takarda ta fita sai majalisar ƙaramar hukuma ta zauna a bainar jama'a ta saurari mazauna wurin. Ko da kansiloli 'yan amshin shata ne, zaman zai bar rubutaccen tarihin da lauya zai ɗauka ya kai kotu tun kafin rusau, ba bayansa ba. Wani kaso na kuɗin hayar kuma ya koma wurin da aka cike, a gina wa masunta mashigin jirgi da gidajen da za su koma kafin a taɓa nasu.