Ƙurar 11 ga Satumba: ciwon da ke zuwa bayan an rufe littafin diyya

Ranar da tagwayen benayen birnin New York suka rufta, 11 ga Satumba 2001, 'yan kwana-kwana 343 ne suka mutu. A watan Satumba 2023 hukumarsu ta sanar cewa ma'aikatanta da cututtukan ƙurar wajen suka kashe daga baya sun kai 343 su ma. Shekara 22 aka ɗauka kafin adadin biyu su yi kunnen doki, kuma lissafin bai tsaya nan ba. Duk wanda zai tsara kulawa da diyya ga mutanen da guba ta shafa ya kamata ya fara da wannan tazarar, domin gwamnati kan so ta biya ta rufe littafi cikin shekara biyu, jikin mutum kuwa ba ya bin kalandar ofis.

Abin da mutane suka shaƙa ba ƙurar harmatan ba ce. Garin siminti ne mai cin maƙogwaro, haɗe da ɓarɓashin gilashi, da asbestos, da dalma, da hayaƙin man jirgi da robobi. Wuta ta ci gaba da ci a ƙarƙashin ɓaraguzan har cikin Disamba. Amma ranar 18 ga Satumba, mako guda da faruwar abin, shugabar hukumar kare muhalli ta Amurka, Christine Todd Whitman, ta ce iskar ba ta da illa. Jama'a suka koma gidajensu suna share ƙura da tsumma, ɗalibai suka koma aji, masu aikin kwashe ɓaraguzai da yawa suka sauke takunkumi saboda zafi da gajiya. A 2003 babban mai binciken hukumar ya ce ba ta da isassun bayanai lokacin da ta faɗi haka. Whitman ta nemi afuwa a 2016.

Asusun diyya na farko, wanda Kenneth Feinberg ya jagoranta, ya daina karɓar takardu a Disamba 2003, ya raba kimanin dala biliyan 7. Ya yi wa iyalan mamata da waɗanda suka ji rauni aiki, amma wanda cutar kansa za ta kama a 2009 bai san yana da abin nema ba a lokacin. Sai da ɗan sanda James Zadroga, wanda ya yi aikin ceto a wajen, ya mutu da ciwon huhu a Janairu 2006 yana da shekara 34, aka yi ta kai ruwa rana a majalisa, sannan Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ke ɗauke da sunansa ranar 2 ga Janairu 2011. Dokar ta kafa abu biyu dabam: shirin kula da lafiya kyauta, da asusun diyya da aka sake buɗewa. Raba su da aka yi daidai ne. Likita ne ke tabbatar da cuta da alaƙarta da ƙurar, asusu kuma ya biya bisa wannan shaida, ba sai maras lafiya ya yi shekaru yana shari'a ba.

Ko a nan ma kansa ba ta shiga jerin cututtuka da farko ba. A Yuli 2011 shugaban shirin, Dokta John Howard, ya ce hujja ba ta isa ba. Wata biyu bayan haka aka wallafa binciken da aka yi a kan 'yan kwana-kwanan birnin, wanda ya nuna kansa ta fi yawa da kashi 19 cikin 100 a tsakanin waɗanda suka yi aiki a wajen. A 2012 aka saka nau'i kusan 50. Kansar mahaifa kuwa sai Janairu 2023, kuma dalilin jinkirin abin lura ne: yawancin binciken a kan ma'aikatan ceto aka yi shi, su kuwa kusan duk maza ne. Cutar da ba a nema ba, ba za a gan ta a ƙididdiga ba.

Yadda ake haɗa kansa da ƙurar ya dogara ne da ƙa'idar mafi ƙarancin lokaci. Kansar jini da ta ƙwayoyin garkuwar jiki ana karɓarta in ta bayyana bayan kwana 146 da shaƙar ƙurar. Ta ƙullutun maƙogwaro shekara biyu da rabi, yawancin masu yin ƙari a gaɓoɓi shekara 4, ta fatar huhu da asbestos ke jawowa shekara 11. Wasu na kukan cewa wannan ya yi sassauci, tunda mutum na iya kamuwa da kansa ko da bai taɓa zuwa New York ba. Gaskiya ne. To amma babu gwajin da zai buɗe ƙari ya ce ga abin da ya haddasa shi. In aka ce kowa sai ya kawo hujjar da babu ita a duniya, an hana kowa ke nan. Biyan wasu da watakila ba ƙurar ce ta kama su ba ya fi sauƙin ɗauka a kan korar dubban da ita ce.

Batun gwajin gano kansa da wuri shi ne inda aka fi samun rashin fahimta. Shirin yana biyan gwaji huɗu: na mama, na bakin mahaifa, na babban hanji, da na huhu, kuma bisa ƙa'idar da ake bi wa sauran jama'ar ƙasar. Gwajin hanji daga shekara 45 yake farawa. Hoton huhu mai ƙarancin turiri na masu shekara 50 zuwa 80 ne da suka sha taba da yawa, kamar kwali ɗaya kullum na tsawon shekara 20. Wanda ya shaƙi ƙura bai taɓa shan taba ba yakan ji an cuce shi. Likitoci suna da dalilinsu: hoton huhu yakan nuna ƙananan tabo da ba komai ba ne, sai a bi su da ƙarin hoto ko a soka allura a ciro tsoka, wani lokaci huhun ya sace. Haka ma ƙaruwar kansar ƙullutun maƙogwaro da ta ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza (prostate) a cikin ma'aikatan ceto, wani ɓangarenta daga yawan dubawa ne, ana gano ƙananan ƙari da mai su zai tsufa ya mutu ba su dame shi ba. Gwaji magani ne mai illarsa, ba kyautar da ake rabawa don kwantar da hankali ba.

Inda ba ni da uzuri ga tsarin shi ne bambancin da ya sa tsakanin ma'aikacin ceto da mazaunin unguwa. Ma'aikaci yana da duba lafiya kowace shekara ko da lafiyarsa ƙalau. Mazauni, ko ɗalibi, ko mai aiki a ofis, duba ɗaya yake samu da farko, kuma ba ya shiga na shekara-shekara sai an tabbatar masa da cuta. Matar da ta yi makonni tana goge ƙura a ofisoshi da hannu ba ta shaƙi wata ƙura dabam ba. Sannan taswirar ma biyu ce. Shirin lafiya ya ɗauki kudu da titin Houston da yankin unguwar Brooklyn da bai wuce nisan mil ɗaya da rabi daga inda benayen suka rufta ba, asusun diyya kuma ya tsaya a kudu da titin Canal. Wanda gidansa ke tsakanin titunan biyu zai iya samun magani ya rasa diyya.

Diyyar kanta tana da rufi: dala 250,000 na wahalar kansa, dala 90,000 na sauran cututtuka, ban da asarar albashi da ake lissafawa dabam. Lauya ba ya karɓar fiye da kashi 10 cikin 100, kuma mai nema yana yafe damar shigar da ƙara. Abin da ya fi kayar da masu nema ba cutar ba ce, shaidar kasancewa a wajen ce tsakanin 11 ga Satumba 2001 da 30 ga Mayu 2002. Ana neman takardar albashi, ko ta haya, ko ta makaranta, ko takardun rantsuwa daga shaidun da suka gan shi. Bayan shekara ashirin kamfanoni sun rufe, shaidu sun mutu, leburan da ake biya a hannu kuwa tun asali ba su da takarda. An ƙiyasta mutum 400,000 ƙurar ta shafa, rajistar bibiyar lafiyarsu da aka buɗe a 2003 kuma mutum 71,000 da 'yan kai ta samu.

Kuɗi ma sun taɓa yankewa. A Fabrairu 2019 asusun ya ce zai zaftare rabin abin da zai biya masu jira, da kashi 70 na masu zuwa. Sai da Luis Alvarez, tsohon ɗan sanda da kansar hanji ta rame da shi, ya zauna gaban majalisa a watan Yuni, ya mutu kafin watan ya ƙare, sannan aka tsawaita asusun zuwa 2090.

Mu ma muna da namu. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, aikin share ƙasar Bagega bai fara ba sai 2013, sannan abin ya sake faruwa a Shikira ta jihar Neja a 2015. Dalma ba kansa ce babbar barazanarta ba, ƙoda take ci, ta jawo hawan jini, ta taɓa ƙwaƙwalwa, kuma tana kwanciya a ƙashi ta fito lokacin da mace ta ɗauki ciki. Yaran da aka bai wa maganin fitar da ita a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, wasunsu iyaye. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jihar a 2022, bayan shekaru tana auna jinin dubban yara. Ya kamata ma'aikatar lafiya ta Zamfara ta mayar da waɗannan sunaye rajista ta dindindin, ta ba kowa katinsa, ta riƙa auna musu hawan jini da aikin ƙoda sau ɗaya a shekara, 'yan matan kuma a auna dalmar jininsu ranar da suka fara zuwa awo.