Kiɗan da ba ya yi wa kowa kirari

Ran Asabar da dare, a fadarmu ta shayi a unguwar Birni, wani ƙanena ya kunna kiɗa a salularsa. Minti uku sauti na ta jan jiki kamar iskar hunturu. Mai shayi ya ɗago kai daga buta ya ce, "Kai ƙane, yaushe za a fara waƙar?" Yaron ya ce, "Yaya, ai an fara." Aka kwashe da dariya, aka sauya.

Ban ga laifin mai shayi ba. Kiɗanmu ko babu baki magana yake yi. Kalangu yana kiran sunan mutum, kakakin ƙofar Sarkin Damagaram yana da abin da yake faɗa, kowane ɗan kokowa da takensa. Kunnenmu ya saba tambayar wa ake yi wa. Shi kuwa wannan kiɗan yanayi, wanda Turawa ke kira ambiyent, ba ya roƙon kowa, ba ya zuga kowa.

Inda na rabu da ƴan fadarmu shi ne cewar da suke yi baƙon abu ne. A 1978 makaɗi Brian Eno na Ingila ya haɗa faifansa Music for Airports. Zaren kaset ya yanka, wani dogo wani gajere, ya bar su suna zagayawa, sautin fiyano da muryoyi na haɗuwa suna rabuwa yadda suka ga dama. A wannan shekarar dai, a Yamai, Mamman Sani ya ɗauki kaset ɗinsa da ogan ɗin lantarki. Shekara da shekaru rediyo da talabijin na ƙasa suna sa kiɗansa tsakanin shiri da shiri. Iyayenmu sun sha jinsa suna jiran labaru, babu wanda ya tambayi ina mawaƙin. Sai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga shi a 2013 wasunmu suka san sunan mai shi. Abin kunya dai.

Gaskiya akwai wahala. Faifan da ƙungiyar Godspeed You! Black Emperor ta Kanada ta fitar a 2000 kiɗa huɗu ne kacal, kowanne kusan minti ashirin. Jita da goge suna farawa ƙasa-ƙasa, su yi ta hawa har ganguna su ɓarke. Kuɗin data kaɗai ya isa ya kori mutum, ga lasifikar salula tana haɗiye duk wani sauti mai kauri. Wanda ya ji shi cikin hayaniyar kabu-kabu bai ji komai ba.

A daren na ari abin kunnen yaron. Wuta ta ɗauke, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Can wajen minti na goma jakin maƙwabcinmu ya saki kuka, na ɗan jima ina zaton cikin kiɗan ne.