Marubuci ba ya kushe littafin abokinsa

Shekara bakwai ke nan ina zaune a Winnipeg, kuma rabin abin da na sani game da littattafan ƙasar Kanada a cikin mota na koye shi. A watan Janairu a nan ba a tayar da mota a wuce kai tsaye. Sai ka zauna ka jira inji ya ɗumama, ƙanƙarar da ta daskare a gilashi ta saki, kana hura hannu kamar mai jiran kunun safe. A irin wannan zaman ne na saba da gidan rediyon CBC da shirye-shiryensu na hira da marubuta. Ina son su, kada wani ya ce na zo ɓatanci. Amma akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita a ciki, yau sai ta fito.

Da farko dai a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Eleanor Wachtel ta yi shekara 33 tana gabatar da shirin Writers & Company, daga 1990 har ta ajiye a 2023. Matar nan in za ta yi hira da mutum, kai da jin tambayar ka san ta karanta littafin, ta karanta na bayansa, ta tono wanda shi kansa marubucin ya manta ya rubuta. Shelagh Rogers ma ta riƙe The Next Chapter wajen shekara 15, ita kuma marubutan gida ta fi mayar wa hankali. A 2024 aka buɗe sabon shiri, Bookends, aka damƙa wa Mattea Roach. Duk waɗannan ba irin hirar nan ba ce ta "faɗa wa masu sauraro sunanka da tarihinka a taƙaice", wadda mai tambaya bai ko buɗe bangon littafin ba.

To ina matsalar? Tana wajen tambayar nan ta ƙarshe da ake yawan yi wa marubuci, a rediyo ko a taron baje kolin littattafai: me kake karantawa yanzu, wane littafi za ka ba mutane shawarar su nema? Da can da na ji an zo nan sai in laluɓo waya in rubuta sunan. Na cika shafi guda da sunaye. Na sayi wasu, na ari wasu a laburare. Wallahi fiye da rabi ban kai shafi na hamsin ba.

Sai daga baya na gane dalili. Duniyar marubutan Kanada ƙarama ce. Ƙasar na da faɗi, amma mutanenta ba su kai na Arewacin Najeriya yawa ba, manyan kamfanonin ɗab'i kuma yawancinsu a Toranto suke. Wanda ka yaba yau, gobe shi ne alƙalin gasar da ka shiga, ko shi zai rubuta 'yan kalmomin yabo a bayan littafinka, ko ku haɗu a teburi ɗaya a wani biki. Wa zai zauna a rediyo ya ce littafin wane bai yi ba? Ba ƙarya suke yi ba, kara ce, kuma mu Hausawa ba sai an yi mana bayanin kara ba. Sai dai mai kara ba ya zaɓa maka abin da za ka kashe dala talatin a kansa.

Abu na biyu ya fi damuna, domin laifina ne. Hira mai daɗi tana sa mutum ya ji kamar ya karanta. Na taɓa zama cikin abokai ina zuba bayani kan littafin Esi Edugyan, wadda iyayenta 'yan Gana ne, aka haife ta a Calgary, ta ci babbar kyautar adabin Kanada ta Giller har sau biyu, a 2011 da 2018. Ina ta kawo dalilin da ya sa ta rubuta kaza, da yadda ta yi bincike. Wata baiwar Allah a wurin ta tambaye ni wane babi ya fi taɓa ni. Shiru kake ji. Ko shafi ɗaya ban karanta ba a lokacin, hira kawai na saurara sau biyu. Ranar na san kunya.

Kuma marubuci a gaban makirufo fuskar da ya ga dama yake nunawa. Marubuciyar Kanada Alice Munro ta ci kyautar Nobel a 2013, ta rasu a watan Mayun 2024 ana ta yabo. Ba a yi wata biyu ba 'yarta ta fito a jarida ta bayyana cewa mijin uwar ya ci zarafinta tana yarinya, uwar ta sani daga baya, ta kuma ci gaba da zama da shi. Duk hirarrakin da aka yi da ita shekara da shekaru, babu wadda ta kai nan.

Shi ya sa ni yanzu, in shawarar karatu nake nema, shirin CBC mai suna Canada Reads nake jira. Tun 2002 ake yin sa, yawanci a watan Maris. Littafi biyar, mutum biyar, kowa ya ɗauki ɗaya ya kare shi, kwana huɗu ana gardama, kullum a kaɗa ƙuri'a a fitar da guda. Masu karewar ba su ne marubutan ba. Za ka ga ɗan wasa, mawaƙi, ɗan jarida, mai dafa abinci. Marubucin yana gida yana kallo, ba shi da bakin magana. A nan ne kaɗai nake jin wani ya dubi ɗan'uwansa ya ce tsakiyar littafinka ta yi sanyi, ko ƙarshensa bai gamsar da ni ba, a kuma tilasta wa mai shi ya kawo hujja daga cikin shafukan.

A 2021 wani mai dafa abinci, Roger Mooking, shi ya kare littafin Francesca Ekwuyasi, haifaffiyar Legas da ta zauna a Halifax. Littafin cike yake da girki, ga tagwaye ga uwarsu, sai aka samu wanda ya san tukunya yana bayaninsa. Har ranar ƙarshe ya kai kafin a kayar da shi. A shekarar da ta biyo baya littafin Five Little Indians na Michelle Good ya yi nasara. Ita lauya ce 'yar ƙabilar Cree, ɗaya daga ƙabilun 'yan asalin Kanada, ta haura sittin kafin ta fitar da wannan littafi nata na farko, kan yaran 'yan asalin ƙasar da aka ƙwace daga hannun iyayensu aka kai makarantun kwana da coci-coci ke gudanarwa da kuɗin gwamnati. Yara kusan 150,000 aka bi da su ta wannan hanya, kuma sai cikin shekarun 1990 aka rufe ta ƙarshe. Na zo ƙasar nan ina ganin mutanen nan a bakin titi cikin sanyi ina yanke musu hukunci a zuciyata. Gardamar kwana huɗu ce ta tura ni laburare, littafin kuma ya rufe mini baki.

Na san masu suka za su ce shirin wasan kwaikwayo ne, ana haɗa baki a kayar da littafi mai ƙarfi tun da wuri don a rage abokin hamayya, kuma an fi son littafin da ke ɗauke da "darasi" a kan wanda aka iya rubutawa. Gaskiya ne, na sha jin haushin hakan. Wani lokaci sai ka ji ana maganar littafi kamar maganin tari, wai duk ɗan ƙasa ya kamata ya sha. Duk da haka na gwammace gardamar da ke da son kai a fili da yabon da ba a isa a ce uffan a kansa ba. Wanda ya taɓa zuwa ƙaddamar da littafi a gida, inda mai sharhi zai yi rabin awa yana kirari, babban baƙo ya sayi kwafi ɗaya a kan miliyan ya miƙa wa direba, ya san abin da nake nufi.

Har yanzu ina sauraron hirarrakin, sai dai na sauya tsari: sai na gama littafi nake neman hirar, ba kafin ba. A haka sai ta zama kamar ka ci tuwo sannan ka zauna da wadda ta tuƙa. Wani lokaci ma in ji marubucin ya faɗi abin da yake nufi, in ce a'a malam, ba haka ka rubuta ba, ina ni kaɗai a mota ina musu da rediyo.

Littafin Edugyan kuwa na karanta shi daga baya, na 2018 ɗin, kan yaron da aka haifa cikin bauta a gonar rake a Barbados. Na nemi baiwar Allahn nan don in ba ta amsar tambayarta, aka ce ta koma Edmonton.