Ranar da Na Bambance Raino da Raini

Tsakanin raino da raini harafi ɗaya ne kacal, kuma na daɗe ina haɗa su wuri guda, domin a ganina raino bai wuce mutum ya zauna ya zuba wa yaro ido har uwarsa ta dawo ba. Saboda haka da ƙanwata ta roƙe ni in riƙe mata ɗanta mai shekara 2 na tsawon awa 3, sai na amsa da fara'a, har na ɗauko littafin da zan karanta don kada zaman ya gundure ni.

Ban kuwa shiga aikin da ka ba. Na taɓa karanta shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, cewa yaro mai shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana guda, sai na ƙiyasta cewa rabona zai faɗo a cikin barcin. Abin da idona ya tsallake shi ne inda aka ce yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180, wato daidai awa 3 ɗin da aka bar mini shi.

Kafin in buɗe shafin farko ya kwance ƙunzugunsa ya miƙo mini da hannu biyu, kamar mai ba da tsaraba. Ina cikin wanke hannu na ji gidan ya yi tsit, na yi hamdala, ashe duk mai raino ta san cewa shirun yaro ya fi kukansa haɗari. Na iske ya tsoma wayata a kofin ruwa yana juya ta da cokali cikin natsuwa. Da na ƙwace sai ya tsandara ihu, na saɓa shi a kafaɗa ina jijjigawa ina kai da komo, ina mamakin yadda kalma mai harafi biyar ta haɗiye ciyarwa da wanka da wanki da lallashi da gadi ba tare da ta sanar da kowa ba.

Dabara ta ƙarshe ita ce in kwanta in yi barcin ƙarya domin ya kwaikwaye ni. Muryar ƙanwata ce ta tashe ni, yaron kuwa yana zaune daram yana bubbuga bayana yana cewa, “Kawu, yi barci.” Ta dube mu ta ce, “Yaya, sannu da ƙoƙari, amma a cikinku wa zan yi wa godiyar rainon?”