Wasiƙun gidan Sutherland: muryar wa ke ciki?

Wani labari ya ce wasiƙun manyan gidajen masu mallakar ƙasa da ke ajiye a Edinbara, babban birnin Sukotland, madubin rayuwar Sukotland ne. Ban yarda ba. Rayuwar wa? A duba takardun gidan Sutherland, masu sarautar da suka mallaki ƙasa mai faɗi a arewacin Sukotland: a 1814 wakilinsu Patrick Sellar ya tashi talakawan kwarin Strathnaver don a zuba tumaki, har aka cinna wa rufin gidaje wuta. A 1816 kotun Inverness ta wanke shi. Masu mallakar ƙasar, da Turanci suka riƙa rubutu, suna lissafin kuɗin haya, waɗanda aka kora kuwa Gelik ne harshensu, sai 1883 kwamitin Napier, wanda gwamnati ta kafa don binciken halin da ƙananan manoman yankin ke ciki, ya saurari ragowarsu da 'ya'yansu. Malam mai cewa takarda ba ta ƙarya, a hannun wa alƙalamin yake?